Sifilin da Don Evaristo Ya Yar

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu na Peñaclara, can kan tsaunukan Kolombiya, ana kiransa Don Evaristo. Tsohon injiniyan hanya ne. Mutumin kirki ne, amma akwai ji da kai, ba zan ɓoye muku ba.

Ba ya fita gida sai da rular lissafinsa a aljihun gaba, cikin kube na fata. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba. Katako ne siriri, tsakiyarsa na zamewa, jikinsa duk lambobi. Lambobin ba a jere suke daidai ba. Tsakanin ɗaya da biyu akwai fili, tsakanin takwas da tara kuwa a matse. A nan dabarar take. Kana haɗa tsawo da tsawo, sai amsar ninki ta fito, ba wuta ba batir.

Sai dai rular nan tana da hali guda. Lambobi kawai take nunawa, ba ta faɗin sifili nawa ne a bayansu. In ta nuna sha takwas, kai ne za ka san ko ɗari da tamanin take nufi, ko dubu sha takwas.

Shi ya sa tun 'yarsa Maritza tana ƙarama, a teburin kicin, ga kofin ruwan mazarƙwaila a gabanta, yake ce mata:

"Rufe rula. Faɗi amsar da ka tukuna, ko da kusa-kusa ne. Sannan ki buɗe."

Maritza ta girma, ita ma ta zama injiniya, tana aiki a birni da kwamfuta. Duk sanda ta zo gida sai ya tare ta da zolaya.

"Ga injiniyar caji ta iso. Ana ɗauke wuta ilimin ya tafi hutu."

Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Baba, ci wainar masararka kafin ta huce."

Ana nan, daminar wata shekara kogi ya cika ya tafi da gadar igiya da ke haɗa mu da tsallake. Ta nan yara ke zuwa makaranta, ta nan alfadarai ke fito da buhunan kofi. Aka yanke shawarar a yi aikin gayya a ɗaura sabuwa. Lissafin kuwa, ba a ma yi gardama ba, na Don Evaristo ne.

Maritza tana gida a lokacin. Ta ce ta taya shi, ya ɗaga mata hannu.

"Hutu kika zo, ki huta. Na ɗaura gadoji tun ba a haife ki ba."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, aka taru a filin makaranta, don washegari da safe mota za ta sauka birni sayo igiyar ƙarfe. Don Evaristo ya miƙe ya gyara hula. Ya ce tsawon gada mita talatin da biyu ne, kuma kowace mita za ta ɗauki kilo ɗari biyar da saba'in. Ya zaro rula a hankali don kowa ya gani, ya zame tsakiyar, ya kalla sau ɗaya.

"Kilo dubu ɗaya da ɗari takwas da ashirin. Igiya mai kaurin ɗan yatsa ta isa."

Wuri ya ɗauki tafi. Nicanor mai alfadarai, abokinsa tun na ƙuruciya, ya ɗaga murya: "Kun gani? Ko numfashi bai ja ba!"

Maritza ba ta tafa ba. Ta riga ta yi abin da aka saba mata da shi, ta yi lissafin da ka, kuma abin da ta samu dubu sha takwas ne. Mahaifinta bai rufe rula ba. Ya yar da sifili ɗaya.

Ta sa hannu a aljihu ta taɓa wayarta. In ta miƙe ta nuna wa jama'a amsar a fuskar waya, ta rama zolayar shekara da shekaru. Amma ta san mahaifinta. Daga ranar ba zai sake zama a dandali ba, zai shige ɗaki ne ya tsufa a rana ɗaya. In kuma ta yi shiru, gobe za a sayo siririyar igiya, a ɗora yaran mutane a kanta.

Ta saki wayar, ta miƙe.

"Baba, ina da roƙo."

"Cajin ne ya ƙare?"

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi.

"Ya ƙare. Don Allah nuna wa mutanen nan yadda ka koya min a teburin kicin. Na daɗe ban ji ba."

To, shi Don Evaristo ba a roƙonsa koyarwa sau biyu. Ya mayar da rula cikin kube, ya ɗaga ɗan yatsa.

"Ku saurara da kyau. Kafin a buɗe rula, kai ne ke fara aiki. Talatin da biyu, mu ce talatin. Ɗari biyar da saba'in, mu ce ɗari shida. Talatin sau ɗari shida kuwa..."

Sai ya tsaya.

Ya dubi 'yarsa. Ita tana kallon takalminta. Babu wanda ya gane komai a wurin, wasu ma hirarsu suke yi. Da ya ce bari ya sake dubawa a gida, da magana ta wuce ba wanda ya sani. Ƙofar ke nan da ta bar masa a buɗe.

Bai bi ta nan ba. Ya juya wajen abokinsa.

"Nicanor, alfadarinka ɗaya da buhun kofi biyu, kilo nawa ne?"

"Wajen ɗari biyar, in ban hau ba."

"In ka hau fa?"

"Ƙara ɗari. Matata ta iya girki."

"Nawa kake kora ranar kasuwa?"

"Takwas, ka fi kowa sani."

Don Evaristo ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Gadar da na faɗa muku ɗazu, alfadari na huɗu yana hawa za ta kai ku kogi. Dubu sha takwas ne, ba dubu ɗaya da ɗari takwas ba. Na yar da sifili. Ba laifin rula ba ne, ita ta faɗi nata daidai. Ni ne na yi sauri don ku tafa min."

Wata mata ta jawo ɗanta jikinta ta rungume.

Can sai Nicanor ya sunkuya yana dube-dube a ƙasa.

"Me kake nema kuma?" in ji Don Evaristo.

"Sifilin naka, tsoho. Kada wani ya taka."

Dariyar da aka yi ba ta wulaƙanci ba ce. Har shi mai sifilin sai da ya goge ido. Sannan ya ce, "Maritza, ɗauko abin cajin nan naki. Ki yi naki, in yi nawa, mu gwada." Suka zauna a benci ɗaya, amsoshinsu suka zo daidai. Igiyar da aka sayo washegari kaurinta ya kusa wuyan hannun yaro.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka kai gangaren gonar ayaba ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun kafin a gama tafi."

"Da wayar?"

"A'a. Rufe rula na yi, Baba."

Ya kama hannunta, shi da ba ya yarda a riƙe shi a gangare, har suka isa gida.

Gadar tana nan har yau. Alfadaran Nicanor takwas suna hayewa, shi ma yana bisa na ƙarshe.

Darasi: In babba ya yi kuskure, kada ka yi shiru, kada kuma ka tozarta shi. Nemo hanyar da zai gano da kansa. Kai kuma babba, in an nuna maka, karɓa a gaban jama'a, girmanka ba zai ragu ba. Kuma kowace na'ura ce a hannunka, tsohuwa ko sabuwa, fara tambayar kanka kafin ka tambaye ta. 'Ya'yana, ku tura wa iyayenku wannan, iyaye kuma ku tura wa 'ya'yanku.