Naman da Maƙwabtan Kyauta Ba Su Ci Ba

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Yusufu, mai ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Bara bayan an gama kaka ya dawo gida Jega, don a yi taron tunawa da mahaifiyarsa Kyauta, wadda ta cika shekara da rasuwa.

Kyauta Kirista ce, ita da mijinta Sabo, kuma gidansu ne kaɗai na Kirista a layin. Ta daɗe tana shugabancin zumuntar mata a cocinsu, ta reni 'ya'ya da jikoki, ta yi jinyar Sabo tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: ko kaza ce za a yanka a gidanta, sai ta aika an kira maƙwabcinsu Malam Mamman ya yanka, don duk wanda ta kai wa abinci ya ci ba tare da shakka ba.

Yusufu bai taɓa son wannan ɗabi'a ba. Gani yake yi uwarsa ta ƙare rayuwarta tana lallaɓa mutane.

Da safe aka shigo da san da ya sayo. Sabo na zaune kan kujerarsa a bakin ɗaki, ya ce, "A aika a kira Mamman."

Yusufu ya ce, "Baba, taron uwata ne, ba na unguwa ba. Ni ma ina da hannu."

"Uwarka ba haka take yi ba."

"Na san yadda take yi."

Ya karɓi wuƙa, abokansa suka kayar da san, ya yanka. Sabo ya juya fuskarsa bango.

Bayan an dawo daga coci gida ya cika. Matan zumunta suna gefe da fasto, maƙwabta Musulmi kuma sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, har da waɗanda suka taso daga Maiyama. Aka fara fito da shinkafa da nama.

Sai ga Inna Hafsatu, matar Malam Mamman, ta shigo tsakar gida riƙe da kwanon da aka ba ta, ko buɗe shi ba ta yi ba. Ita da Kyauta tare suka tsufa, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Ta ce, "Yusufu, wa ya yanka san ga? Malam tun da asuba ya wasa wuƙatai yana zaune, ba a kirai ba."

Matan da ke zuba abinci suka tsaya. Ba a taɓa yin wannan tambaya a gidan ba.

Wani abokin Yusufu ya matso ya raɗa masa, "Ka ce mahaucin kasuwa ne. Wa zai bincika?"

Yusufu ya dubi ƙofar gida. Mutane sun wanke hannu, kwanoni na gabansu, suna jira. Ya san in ya faɗi haka za su ci, don ba a taɓa yi musu ƙarya a gidan nan ba. Ya dubi mahaifinsa, ya ga tsohon ya zuba masa ido.

Ya ce, "Inna, ni na yanka."

Hafsatu ta sunkuya ta ajiye kwanon a hankali kusa da murhu.

Ta ce, "Allah shi yi maka albarka da ka hwaɗi gaskiya. Ka tuna Kirsimetin da kunka ci shinkahwa ba nama, kana ta kuka? Malam ya tai Maiyama jana'iza, ga akuya ɗaure ba mai yankawa. Na ce mata, Maman Yusufu, ki ba yara namansu, mu mun yahe. Ta ce ba ta iya haɗiye abin da ba ta iya miƙo mani ta katanga. Sai da ya komo anka yanka akuyar."

Ta gyara mayafi ta fita.

Yusufu ya tsaya yana jin yadda maganar ke bin tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Kwanoni suka fara dawowa a rufe. Ya jira ya ji mutane sun tashi sun watse, a ce a gari ɗan Kyauta ya kori maƙwabtan uwarsa. Matarsa ta shige ɗaki tana share hawaye.

Da ya gaji da jira ya leƙa. Ba wanda ya tashi, suna nan zaune cikin rana da yunwarsu. Wurin Malam Mamman ne kaɗai babu kowa.

Yusufu ya nufi gidansa don ya ba da haƙuri, bai ma san da wace kalma zai fara ba. Bai kai ba suka yi kiciɓis a bakin zaure. Tsohon yana jan wani babban rago da igiya, wanda duk layin suka san shi yake kiwo don layya.

"Baba Mamman, na yi kuskure."

"Ka yi. Kauce mani, ragon ga yana da ƙarhi."

"Baba, wannan ai na Sallarka ne."

"Sallah da saura. Uwakka ba ta taɓa barin mu tashi daga gidanta da yunwa ba, kuma ba yau za a hwara ba."

Ya ja ragon har tsakar gida, ya gaida Sabo, ya naɗe hannun riga. Sannan ya waiwayo ya dubi Yusufu da farar shaddarsa.

"Kai mai hannu, zo ka riƙe mani ƙahwahu."

Yusufu ya durƙusa a ƙasa ya riƙe.

Darasi: Kiyaye abin da maƙwabcinka yake kiyayewa ba rauni ba ne kuma ba ya rage maka imani. In ka gaji zumunci daga iyayenka, kada girman kai ya sa ka rushe shi, in kuma ka yi kuskure, kada ka rufe shi da ƙarya. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, Musulmi da Kirista, su ma su karanta.