Dalilin da Ya Sa Kabewa Take Tafiya Haihuwa Gidan Maƙwabta

Dalilin da ya sa za ku shuka kabewa a gidanku, ku yi mata ban ruwa, ku kore mata kaji, amma ta tsallaka danga ta je ta zuba 'ya'ya a gidan maƙwabta, to yara, ku matso ku ji inda abin ya samo asali.

A da can kabewa ba ta yaɗo. A tsaye take cak kamar kuɓewa, 'ya'yanta a rataye a fili kowa yana gani.

A lokacin akwai wani mutum, Nomau, wanda kansa ba ya rabo da dabara. Wata shekara da bazara ya leƙa bayan ɗaki, inda matarsa Kande take ɗaure awakinta uku, sai ya ga wurin ya yi baƙi ƙirin da taki. Nan take ya ce a kwashe awaki, lambu zai yi.

"Daga bana kin daina aike kasuwa neman kayan miya," in ji shi.

Kande ta ce, "To Malam, na ji. Amma in kaka ta yi ban ɗora tukunyar miya ko ɗaya daga lambun nan ba, awakina za su koma wurinsu."

"Tukunya ɗaya? Ai sai kin gaji da yanka."

Aka mayar da awaki tsakar gida, suka fara da cin gefen tabarmarsa. Shi ko a jikinsa. Ya shuka tumatir da kuɓewa da alayyafo da attarugu da yakuwa. Maƙwabciyarsu kuma, wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Tabawa, ta miƙo masa irin kabewa ƙwaya uku ta kan danga. Ɗaya ce ta fito.

Sai damina ta zo da nata halin. Ruwa ya sauka sau ɗaya ya ruɗi kowa, sannan ya ɗauke kwana ashirin, zafin taki ya ƙone tumatir. Da ya dawo kuma sai ya dawo da fushi, ya kwanta a lambun har kwaɗi suka tare. Attarugu ya zubar da fure. Tsutsa ta mayar da alayyafo rariya. Kuɓewa ta haifi ɗa guda kamar ƙaramin yatsa, shi ma ya ƙeƙashe. Yakuwa, wadda ko a juji fitowa take ba a gayyace ta ba, ta ce ita bana ba da ita ba.

Kullum da safe Kande takan leƙo ta ce, "Malam, in kawo kwando ne, ko ludayi zai isa?"

Nomau sai ya wuce wurin kabewarsa. Kabewa kaɗai ta rage masa, sai duk son da ya yi niyyar raba wa shuka shida ya tattara ya ɗora mata. Ran da ta fitar da ɗanta na fari, bai fi ƙwan zabo ba, ya ruga majalisa ya kwaso abokansa. Suka kewaye ta, yana nunawa da yatsa.

"Kun gan shi? Wannan sai ya kai tulu."

Wannan ya latsa, wancan ya ƙwanƙwasa ya kara kunne, Nomau ya zagaya shi da zare don ya gane ko ya ƙaru tun safe. Bayan kwana uku ɗan ya yi rawaya ya faɗi. Na biyu ma haka aka yi masa, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Da ta sake yin fure, Nomau ya durƙusa yana leƙa cikinsa, sai Kabewa ta yi magana, don a zamanin tsirrai sukan yi magana in an kai su bango.

"Malam Nomau, wai kai ba ka san kunya ba ne? Haihuwar fari nake yi, ka tara mini maza suna nuna ni da yatsa. Haka ka yi wa matarka?"

"A'a, ita Kande ai gidansu ta tafi ta haihu, kamar yadda aka saba. Sai da ta yi arba'in ta dawo."

Kabewa ta ce, "Ashe ana yin haka."

Washegari da ya tashi daga barcin rana ya tarar da ita kwance a ƙasa. Hankalinsa ya tashi, ya zaci ciwo ne. Ya samo doguwar sanda ya jingina da danga don ta samu abin dafawa. Ta kuwa dafa. Ta nannaɗe sandar ta hau, ta kama danga, ta dira gidan Gwaggo Tabawa, gidan da aka ɗebo irinta. Can ta lallaɓa gindin rumbu, ta baza manyan ganye ta lulluɓe kanta.

Nomau ya zauna da saiwa da kara. Kaka ta matso, Kande ta fara feƙe turakun awaki a gabansa tana 'yar waƙarta. Rannan ya kasa haƙuri, ya kifa turmi ya taka ya leƙa ta kan danga. Sai ga kabewa a ƙarƙashin ganye, jibgegiya, ta ma fi tulun da ya yi wa abokansa alkawari. Ko takalmi bai tsaya sawa ba ya zagaya ya yi sallama.

"Gwaggo, na zo ɗaukar kabewata."

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa. "Wace kabewar taka? 'Yar gidan nan ce ta zo haihuwa gida. Kai kuma barka ka zo hannu rabbana?"

"Gwaggo, ai saiwarta a gidana take."

"Ita ma Kande ɗakinta a gidanka yake. Ka hana ta tafiya?"

Nomau ya koma ya sayo goro ya dawo ya durƙusa ya yi barka. Gwaggo ta yarda ya riƙa zuwa gaisuwa, amma hannunsa a aljihu, in nuni ya kama sai dai da leɓe. Da kabewa ta nuna, ta sa wuƙa ta raba biyu, ta ce rabi na ungozoma ne, ta aika wa Kande da rabi.

Ran nan aka yi miyar taushe a gidan Nomau. Ya ci tuwo malmala uku, ya suɗe hannu ya yi gyaran murya.

"To, tukunya ɗaya kika ce. Ga ta an ɗora."

"Daga gidan Gwaggo aka aiko mini, Malam."

"Daga ina ta sha ruwa? Wa ya ba ta sandar hawa?"

Kande ta ga maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai ta ɗauki muciya ta nufi bayan ɗaki, yana biye da ita. Ta zana da'ira a kewayen saiwar kabewa, faɗinta bai wuce faifai ba.

"Nan ne ya yi aiki, nan ne lambunka. Allah ya sa albarka."

Kafin la'asar awaki sun koma wurinsu, Nomau yana tsugune yana kewaye faifan lambunsa da ƙaya.

Shi ya sa har yau, yara, ba a ba kabewa fili sai ɗan lungu a gindin danga, ita kuma ba ta yarda ta haihu a inda aka shuka ta. Takan ja jiki ta tsallaka, ta ɓoye 'ya'yanta a ƙarƙashin ganye, kuma in kuka nuna ƙaraminsu da yatsa manya za su buge muku hannu. In kuwa maƙwabta suka aiko muku da rabin kabewar da kuka shuka da hannunku, ku karɓa ku yi godiya, kada ku tambayi ina sauran.