Maraƙi Ɗaya, Mutum Uku

Na rasa bijimi, na sami ɗa. Abin da ya rage mini a turke maraƙi ne guda, shi ma na riga na yi alkawarinsa a gaban ikilisiya, kuma shi ya hana ni sukuni. Ku matso, matan zumunta, na gaji da juya maganar nan ni kaɗai.

Kun san ni, Afiniki matar marigayi Habila. Kun san bijimin da ya bar mini, fari mai baƙin wuya. Babu dillalin da bai taya shi ba, babu wanda bai ji "albarka" daga bakina ba. Sai ɗana Zakka ya kwance shi a ɓoye ya nufi kara, wai babur yake so. A tsakiyar kasuwa na ƙwace igiyar, na ce kada ƙafarsa ta sake taka gidana. Har yau ban ce na yi kuskure ba. Ya tafi ramin zinariya, damina ta wuce, wata ta zo, shiru. Duk lokacin sujada wani abu yakan tsaya mini a ƙirji, sai in ce yunwa ce.

Mutum uku suka dawo mini da Zakka. Ta farko Tabita, mai ƙosai a tashar Malumfashi. Ba ta san shi ba. Ta dai ga wani ramamme kwance bayan rumfarta yana tari, kowa na kewaye shi. Ta ce ba mafarki ta yi ba, ba murya ta ji ba, ƙosai ne kawai ya riƙa ƙonewa a hannunta don idonta ya ƙi barin wajen. Ta kai masa koko. Kafin ya kurɓa ya rufe ido ya yi addu'a cikin sunan Yesu, amma ya ƙi faɗin garinsu don kunya. Ta ci gaba da ɗura masa koko, masu ciniki suka gudu saboda tarin, mijinta ya yi faɗa. Ba ta daina lallashi ba sai da sunan ƙauyenmu ya fito. Da ba ita ba, a bayan rumfar za a tsinci gawarsa.

Na biyu Irmiya, ɗan acaɓa daga ƙetaren rafi. Ya ɗauko takin gonarsa, hadari ya haɗu, Tabita ta tare shi ta roƙa ya kawo Zakka gida, ya ce a yi haƙuri, ya wuce. Ya ce har ya fita daga gari, amma zaman babur ya gagare shi kamar an zuba masa garwashi. Ya juyo, ya sauke takin a tasha, aka ɗaure masa Zakka a baya da zanin Tabita kamar goyo. Rafinmu ya kawo, ya jingine babur, ya shiga ruwa har ƙirji da mutum a bayansa. Takin kuwa ruwan sama ya narkar da shi, masararsa bana ba ta yi komai ba. Da ba shi ba, Zakka bai iso gida da rai ba.

Ta uku, ga ta nan zaune tana murmushi, Damaris, wadda muka daɗe ba ma ga maciji saboda wurin daddawa a kasuwa. Da Irmiya ya kwantar da shi a zaurena, na leƙa na gan shi, na ja ƙofa na sa sakata. Na shiga ciniki da Ubangiji. Na ce zan aika masa fura amma ba zan fita ba. Zuciyata ta ƙi. Na ce to, har tabarma. Ta ƙi. Ina ta kai da komo tsakanin murhu da ɗaki.

Damaris tana dashen shinkafa a fadama. Ba wanda ya kira ta, ta ce hannunta ne ya mutu a kan aikin, ta taso da laka har gwiwa. Da ta ga abin da ke zauren, sai ta je ta ɗauko tulun kiɗan zumunta, ta zauna a bakin ƙofata tana bugawa, tana rera waƙar da kuka yi ranar da aka binne Habila.

Na ce, "Ke Damaris, wa ya mutu?"

Ta ce, "Ba a mutu ba tukuna, Maman Zakka. Gwaji nake, gobe ni zan ja muku ita."

Na watsa mata ruwan wanke-wanke ta saman ƙofa. Ta ce, "Ƙara, dama laka ce a jikina." Ta ci gaba. A baiti na gaba na zare sakatar. Da ba ita ba, ni na san kaina, da a zauren ya cika.

Yanzu Zakka ya miƙe, har yana riƙe fartanya. Ranar godiyar kaka na tashi na ce maraƙin nan na wanda Allah ya aiko mini ne. Fasto ya ce ai dukansu Allah ya kira, dukansu kuma suka amsa. Na ce, "Fasto, maraƙi ba ya rabuwa uku sai an yanka, ni kuwa ba nama na yi alkawari ba." Tabita ta ce ba ta so, alhali na ga kaskonta ya huje. Irmiya ya sunkuyar da kai, yana da bakunan da yake ciyarwa a gida. Damaris kuwa cewa ta yi a ɗaure mata shi a gindin ɗorawa za ta aiko.

Masu son sanin yadda na rabu da bijimin, ku ji. Likita ya ce huhu ne, sai an kwantar da shi, ga jini ga magani. Mahauci ya zo, ya dube ni, ya taya rabin abin da na ƙi karɓa bara. Na ce, "Na sallama."

To, ku faɗa mini, tsakanin wadda ta rayar da shi, da wanda ya goyo shi, da wadda ta sa na buɗe ƙofa, wa zan miƙa wa igiyar maraƙin?