Masarar da ba ta gaji uwarta ba

Akwai wani manomi a Maska, Malam Maiwada. In yana magana a majalisa, sai ka rantse shi ya koya wa ƙasa tsiro. Yana da wata farar masara da ya gada wurin mahaifinsa, ko ƙwara bai taɓa ba wani ba. "Irin gidanmu ba ya fita," in ji shi.

Wata damina ɗaliban noma suka zo daga jami'a. Suka roƙi gefen gonarsa, suka shuka sabon iri. Maiwada na tsaye yana ƙyaƙyata dariya: "Masu farin tafin hannu ne za su koya mini noma?"

Da kaka ta yi, dariya ta koma ciki. Kowane goyon masarar ɗaliban kamar damtsen ɗan dambe.

Ranar tafiyarsu, shugabarsu Amatullahi ta durƙusa. "Baba, wannan masarar, iri biyu aka haɗa aure aka same ta, sau ɗaya ake shuka ta. A ci, a sayar, amma kada a ajiye iri. 'Ya'yansa ba sa gadon uwa."

"Ke 'yar nan, shekara arba'in ina zaɓen iri. Kin taɓa ganin barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

"Baba, don Allah..."

"Ku gaida malamanku."

Ya zaɓi manyan goyon sabon irin ya kai madafa, inda ake rataye iri don hayaƙi ya kore ƙwari. Igiyar cike take da farar masarar gado. Ya sauke ta.

Matarsa Sakinatu ta ce, "Malam, ta marigayi ce fa."

"Zamaninta ya wuce. A kai niƙa."

Kwana uku suka tashi da ita a tuwo.

Da shuka ta zo, ya cika gonar kaf da irin da ya ajiye, har inda yake sa dawa. Ruwa ya yi, taki ya samu. Amma wani kara ya fi shi tsawo, wani iya gwiwa. Ya ɓare goyo, giɓi ko'ina kamar bakin tsoho. Ya ɓare wani. Ya ɓare wani. Gonar da ke ba shi buhu ashirin, bakwai ta bayar.

Tun kafin bazara rumbu ya yi ƙasa, aka koma ci sau ɗaya. Maiwada ya bi gida-gida, har garin Dayi, yana neman ko mudu ɗaya na farar masarar mahaifinsa. Maƙwabcinsa Shitu ya ce, "Haba Malam, ina za mu samu? Ai irin gidanku ba ya fita."

Ranar ruwan farko, Sakinatu ta same shi a madafa.

"Malam, me za mu shuka bana?"

Ya ɗaga kai ya kalli igiyar. Ba komai a jikinta sai baƙin hayaƙi.

Darasi: In mai ilimi ya ba ka sabon abu, karɓi gargaɗin tare da kyautar. Kada kuma ka cinye na gado don ka ga baƙo ya yi ƙiba. Ni nan da na tsere daga aji tun ana jan baƙi, kuma ba a kayar da ni a musu, wannan kam na sallama. Ku tura wa duk mai taurin kai irina kafin ya sauke igiyarsa.