Gafiya Mai Jiran Roƙo Na Uku

Wata rana bayan girbi, mafarauta suka cinna wa daji wuta. A gindin wata tsamiya kuwa akwai maƙwabta uku, Gafiya da Bushiya da Damo. Kowa ka tambaya zai ce babu mai girman kai a cikinsu, amma kama da wane ba wane ba ne.

Gafiya gwanar haƙa rami ce. In an yabe ta sai ta sunkuyar da kai ta ce ita wace ce, alhali ta kasa kunne a ƙara. Ba ta taɓa aiki sai an roƙe ta sau uku, halin da ni haushi yake ba ni. Bushiya kuwa ko gaishe ta aka yi sai ta dunƙule. Shi Damo, abin da ya iya yakan faɗa, wanda bai iya ba ma haka.

Da hayaƙi ya turnuƙe, sai Damo ya tarar da Bushiya tana ta kai da komowa a kan 'ya'yanta huɗu, waɗanda ko gudu ba su iya ba. Ashe tun safe ta ji ƙaurin wuta, ta yi shiru, wai ba ta isa ta riga manya magana ba.

"Wannan ba ladabi ba ne, Uwar yara, ganganci ne," in ji Damo.

Ya juya ya roƙi Gafiya ta haƙa musu rami mai zurfi. Ta ce ai faratanta ba su kai ba. Ya sake roƙo, ta ce akwai waɗanda suka fi ta. Ta gyara zama tana jiran na uku, wuta kuwa har ta kama karan gonar da ke kusa.

"Tunda kin ce ba ki iya ba, mun yarda," in ji Damo. "Ni ma ban iya ba, amma na san wani tsohon suri mai kogo. Hanyar cikin ƙaya ce ban sani ba. Bushiya, ke kika san ta. Yau in kin dunƙule, 'ya'yanki sun ƙone."

Bushiya ta shige gaba, Damo ya goyo yaran. Gafiya ta biyo su tana ƙunƙuni, ranta a ɓace.

Da suka shige cikin surin, Damo ya ce wa Gafiya ta shigo.

"A'a, ku dai ku shiga. Ni ina na isa in matse muku wuri?"

Ta tsaya a sake kiranta. Iska ta juyo da wutar, yara suka fara tari, dole Damo ya toshe ƙofar da bayansa.

Nan fa Gafiya ta manta da wace ce ita. Ta dinga watsa ƙasa kamar mahaukaciya, kafin ƙiftawar ido ta nutse, amma wutar ta riga ta cinye rabin wutsiyarta.

Da ƙasa ta huce suka fito. Damo ya leƙa ramin da Gafiya ta haƙa, ya ga zai ɗauke su duka har da saura. Ya dube ta ya ce, "Ashe kin iya, Yaya Gafiya."

Darasin wannan labari shi ne, ba duk mai sunkuyar da kai ne mai tawali'u ba. Wani yabo yake farauta, wani tsoro ne ya rufe masa baki. Mai tawali'u na gaske ya san iyakarsa, ba ya ƙara wa kansa, ba ya kuma ragewa a ranar da ake bukatarsa.