Gwadaben Amalanke da Kurmin Maɗatai

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki wanda ba ya saurin yarda da mai daɗin baki. Tsakanin birninsa da ƙauyukan gabas akwai wani kurmi mai manyan maɗatai, da idon ruwa a tsakiya, da 'yar turba wadda makiyaya da masu neman saiwar magani suke bi tun kaka da kakanni. Amalanken shanu da ke ɗaukar mutane zuwa birni kuwa sai ya zagaya ta fadama. Wata damina amalanke ya kafe a taɓo, wata mai naƙuda ta rasu a cikinsa. Da labari ya iso fada, Sarki ya yi umarni a fitar da sabon gwadabe.

Waziri Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a ratsa kurmin nan kai tsaye. Ran talaka ya fi itace."

Sarkin Dawa Jatau, mai kula da dazuzzukan ƙasar, ya ce, "Ranka ya daɗe, in an sare maɗatan, idon ruwa zai ƙafe. A kewaya can ta arewa."

Sarki ya dube su. Bai taɓa ganin Waziri ya damu da talaka haka ba. Ya kuma san garin su Jatau yana arewa.

Da aka sake zaman fada, sai Sarki ya ce, "Na karɓi shawarar Waziri. Amma duk maɗacin da aka kayar, a cinna masa wuta nan take, kada a fitar da ko reshe."

Fuskar Waziri ta sauya. Ya gyara rawani, ya ce, "Zaki, da na sake tunani, maganar Sarkin Dawa abar dubawa ce."

Sarki ya ce, "To, ran talaka fa?"

Waziri ya sunkuyar da kai. Sarki ya aika dogarai kurmi, suka tarar an riga an shafa wa manyan maɗatai farar ƙasa alamar waɗanda za a sare, masassaƙan kwalekwale na zaune da gatura. Suka ce Waziri ne ya yi musu alkawarin itacen.

Sarki ya juya ga Jatau, ya ce, "Kai kuma, mutanen gabas me za su je yi arewa?"

Jatau ya ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe. Na so gwadabe ya bi ta ƙofar gidanmu. Amma zancen idon ruwa gaskiya ne."

Sarki ya hau amalanke da kansa tare da mata masu tallar nono da tsofaffi, yana tambayarsu inda suke hawa da inda suke sauka. Bisa abin da suka faɗa, aka fitar da gwadabe ta tudun da ke gefen kurmi, aka yi zango a bakin turba, aka hana gatari shiga ciki.

Jatau ya sha faɗa, aka bar shi a kan sarautarsa. Barmo kuwa aka warware masa rawani, aka ɗora masa dasa maɗatai a gefen gwadaben da ba su ruwa har su yi inuwa. Shekara da shekaru, duk amalanken da ya wuce, mutanen ciki sukan gan shi da tulu a kafaɗa, su ce masa, "Sannu da aiki, Baba."