Mai Ɗakin Sanyi da Hujin Bayan Inji

A wani gari na bakin kogi akwai wani mutum, shi da ƙanensa suna da babban ɗakin sanyi. A can matan garin suke ajiye kifin da suke sayarwa. Bayan ɗakin akwai ƙaton inji mai bututu da yawa, cikin bututun kuwa akwai gas ɗin da ke kawo sanyin.

Wata rana da safe mutumin ya taɓa kifi, ya ji bai daskare kamar kullum ba. Ya duba ma'aunin injin, ya ga allura ta sauka. Nan ya gane gas yana zurarewa ta wani wuri.

Ƙanensa ya ce, "Yaya, mu ƙara gas kawai kamar yadda muka yi kwanan baya. Ai injin yana aiki."

Mutumin ya ce, "Wanda muka ƙara kwanan baya, ina ya tafi? Ba zan ƙara ba sai na ga inda yake fita."

Sai ya dama ruwan sabulu, ya ɗauki soso, ya durƙusa. Gas ɗin ba ya ganuwa, amma duk inda yake fita sabulu zai yi kumfa. Ya bi mahaɗar bututun ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana zuba ido. Rana ta take, gwiwoyinsa suka yi tsami, bai ga kome ba.

Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa, gwauruwa, wadda kifinta ke ciki. Ta ce, "Ɗana, na ji an ce sanyi ya ragu. Abin da nake ci da marayuna ke nan."

Maganar ta soki zuciyarsa, har ya kalli tukunyar gas, ya kusa miƙa hannu. Amma ya san in ya ƙara yau, wata rana injin zai mutu gaba ɗaya da kayan kowa a ciki. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri da ni kaɗan." Ya aiki ƙanensa ya sayo ƙanƙara aka lulluɓe kifin, shi kuwa ya koma kan nema.

Wuri ɗaya ya rage, tsakanin inji da bango, matsattse, ga zafi. Ya kutsa, ƙarfe ya kuje masa hannu. Can ƙasa ya ga ɗan maiƙo a jikin wani bututu. Ya shafa sabulu. Sai ga kumfa ta taso a hankali, ta fashe, wata ta sake tasowa. Hujin bai kai bakin allura ba.

Ya kashe injin, ya kwashe sauran gas, ya sa wutar walda ya toshe hujin. Ya sake gwadawa da sabulu, sa'an nan ya cika bututun da gas. Kifin da ke kusa da ƙofa ya saki, sai banda aka yi da shi, amma sauran duka ya tsira, har da na tsohuwar. Da bazara ta zo da zafinta, ɗakin bai ƙara rasa sanyi ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ɗakin nan zuciyarka ce. Kana zuwa sujada ran Lahadi ka cika da murna, kafin tsakiyar mako ka wofince, sai ka ce bari in ƙaro wa'azi. Ba wa'azi ne ya kasa ba, huji gare ka: ƙaramar ƙarya, ko gaba da ɗan'uwa, ko wani sha'ani da ka ɓoye a inda ba mai leƙawa. Maganar Allah ce ke tona shi, tuba kuma ita ce wutar da ke toshe shi, tana da zafi. Ka tuna kuma, ba kayanka kaɗai ke ciki ba: 'ya'yanka da duk wanda ya dogara gare ka suna ciki. Saboda haka ka durƙusa ka nema, kada ka tashi sai ka samu.